Ƙidayar Noma: Awon da Ya Kamata Ya Riga Kowane Shirin Gwamnati

Duk shekara, daga faɗuwar damina zuwa kaka, gwamnati na yanke hukunce-hukuncen da suke shiga tukunyar kowane gida. Ita ke cewa a buɗe iyaka ko a rufe, a yafe harajin shigo da hatsi ko a ƙara shi, a fitar da abin da ke rumbunan ajiya ko a jira, a kai taki wannan jiha kafin waccan. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce yana rataye ne a kan tambayoyi huɗu masu sauƙin faɗa: nawa aka noma, a ina aka noma shi, wane ne ya noma, kuma nawa ake sayar da shi a kasuwa. Idan amsar da ke gaban minista ta gaskiya ce, yana iya yin daidai, yana iya kuskure. Idan kuwa amsar ta ka-ce-na-ce ce, to ko ya yi daidai sa'a ce kawai. Matsayina a nan shi ne, babbar matsalar harkar noma a Najeriya ta wuce ƙarancin shirye-shirye, domin shirye-shirye kam an yi su tun daga na Obasanjo na ciyar da ƙasa a 1976 har zuwa yau. Abin da aka daɗe ana yi wa riƙon sakainar kashi shi ne awo, wato ƙidayar da za ta nuna inda ake kafin a fara shiri, da inda aka kai bayan an kashe kuɗi.

Ƙididdigar noma hawa uku ce, kuma kowane hawa yana tsaye ne a kan na ƙasa da shi. Na farko shi ne babbar ƙidaya, wadda Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawarar su yi aƙalla sau ɗaya a shekara goma. Ita ke tantance yawan gidajen manoma, girman gonaki, irin abin da ake shukawa da dabbobin da ake kiwo. Na biyu shi ne binciken kowace shekara, inda ake zaɓen wasu gonaki su wakilci sauran. Ma'aikaci yakan zagaye gona da na'urar auna fili, ya kafa turaku huɗu a wani ɗan yanki da aka zaɓa ba tare da son rai ba, ya dawo da kaka ya girbe abin da ke tsakanin turakun, a shanya, a sussuke, a ɗora a sikeli. Na uku shi ne farashin kasuwa, wanda ake bi mako-mako a wurare irin su Dawanau, Dandume, Giwa, Maigatari da Potiskum. Aikin ya fi yadda ake zato wuya a ƙasar Hausa, domin manomi yana lissafi ne da dami da buhu da tiya, kuma damin gero na wannan gari bai kai na wancan ba. Gona ɗaya tana ɗauke da gero da dawa da wake a lokaci guda, ga gandu na maigida, ga gayauna ta 'ya'ya. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka da dama ya kuma nuna cewa mai ƙaramar gona yakan ƙara girmanta idan aka tambaye shi, mai babba kuma yakan rage. Saboda haka tambaya kaɗai ba ta isa ba, sai an taka an auna.

Da wannan ma'auni za a gane girman giɓin da Najeriya ta bari. An yi ƙidayar noma a 1993 zuwa 1994, sannan ba a sake yi ba sai a 2022, lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da ita da tallafin Bankin Duniya da Hukumar Abinci da Noma. Kusan shekara 30 ke nan, waɗanda a cikinsu al'umma ta ninka, aka ƙirƙiro sababbin jihohi, birane suka cinye gonaki, noman rani ya bunƙasa, masara ta mamaye wuraren da a da dawa ce sarauniya. Da sakamakon ya fito a 2024, ya nuna gidajen da ke harkar noma sun kai miliyan 40.2, Kano ce kan gaba da kimanin miliyan 2.4, Kaduna na biye da ita, kuma kashi 91 cikin ɗari na gidajen suna shuka amfanin gona. A tsawon shekarun da babu ƙidaya, ma'aikatu ba su daina fitar da alƙaluma ba. Abin da akan yi sau da yawa shi ne a ɗauki adadin bara a ƙara masa wani kaso, a kira shi na bana. Cibiyar faɗakar da manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana fita zagayen damina kowace shekara, kuma aikinta na da amfani ƙwarai, amma ita ma ta dogara ne a kan rahoton hukumomin raya noma na jihohi, waɗanda da yawansu suka rasa ma'aikata da ababen hawa tun bayan da kuɗin da Bankin Duniya ke ba su ya ƙare.

Misalai biyu sun isa su nuna abin da irin wannan lissafi ke haifarwa. A 1990 an yi wani babban bincike na dabbobin Najeriya, ta jirgin sama da kuma ta ƙasa, wanda ya ƙiyasta shanu miliyan 13.9. A kan wannan adadi aka yi ta ɗora ƙari shekara bayan shekara, har aka saba da cewa ƙasar na da shanu kimanin miliyan 20. Sai ga ƙidayar 2022 ta zo da shanu miliyan 58 da awaki kusan miliyan 124. Ko wane adadi ne ya fi kusa da gaskiya, ratar da ke tsakaninsu ta nuna cewa an shafe shekaru ana tsara allurar rigakafi, ana muhawara a kan burtali da makiyaya, ana kuma zubar da jini a kan rikicin manoma da makiyaya, alhali ba a san yawan dabbobin da ake magana a kansu ba. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka kafa a 2024 za ta sayi allura ne bisa ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma, kuma bambancinsu kusan ninki uku ne. Misali na biyu alkama ce. An daɗe ana ambaton dubban ɗaruruwan tan a matsayin abin da ake nomawa, amma da Hukumar Ƙididdiga ta fita ta auna a jihohin da ke noma ta, rahotonta na 2021 ya sami kimanin tan 37,000 kacal, a ƙasar da ke shigo da miliyoyin tan kowace shekara. Duk wani alkawarin daina shigo da alkama da aka gina a kan tsohon adadin, tun daga tushe ya karkace.

Shinkafa ta fi kowane amfani nuna yadda rashin awo ke sa manufa ta yi ta lilo. A ƙarshen 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Banki a Kebbi, wanda a ƙarshe ya raba sama da naira tiriliyan ɗaya. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. A Janairun 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja a matsayin shaidar wadata. Shekara ɗaya da rabi bayan haka, a Yulin 2023, sabuwar gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan abinci, kuma a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Sai aka yafe harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na tsawon kwana 150. Farashi ya sauko daga baya, mai saye ya ɗan numfasa, amma manomin da ya sayi taki da tsada ya koka cewa abin da ya girbe bai mayar masa da kuɗinsa ba. Akwai dalilai da yawa a cikin wannan labari, har da cire tallafin mai da faɗuwar naira da rashin tsaro. Sai dai a kowane mataki, tambayar da ta kamata ta raba gardama ita ce nawa ne giɓin da ke tsakanin abin da aka noma da abin da za a ci. Wanda ya san giɓin zai shigo da daidai abin da zai cike shi, a lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, ya kuma rufe ƙofa kafin sabon hatsi ya shigo kasuwa. Wanda bai sani ba, ko dai ya bar mai saye cikin tsada, ko ya karya manomi da arha.

Haka lamarin yake wajen rabon tallafi. Duk wanda ya zauna a karkara ya san manoman takarda, waɗanda sunansu ke fitowa a jerin masu karɓar taki alhali ba su taɓa riƙe fartanya ba. Shirin rabon taki ta wayar hannu da aka fara a 2012, zamanin ministan noma Akinwumi Adesina, ya yi ƙoƙarin yi wa miliyoyin manoma rajista don a kewaye 'yan tsakiya, kuma tunanin mai kyau ne. Amma rajista tana tsufa kamar yadda iri ke tsufa: manomi na mutuwa, gona na rabuwa tsakanin magada, wani na yin hijira. Idan ba a sabunta ta ba, kuma babu ƙidaya mai zaman kanta da za a gwada ta da ita, ba a iya gane ƙaramar hukumar da aka cusa wa sunayen bogi. Akwai kuma waɗanda lissafi ke tsallakewa gaba ɗaya. Matar da ke cikin gida tana kiwon awaki da kaji, tana matse man gyaɗa, tana soya ƙuli-ƙuli, tana surfen shinkafa don sayarwa, ba ta bayyana idan ma'aikaci ya tsaya a zaure ya tambayi maigida kaɗai. Wadda ba ta cikin lissafi kuwa ba ta cikin rance, ba ta cikin horo, ba a kuma kai wa dabbobinta allura.

A fannin hango yunwa kafin ta iso ne ƙididdiga ta fi nuna darajarta, kuma yankin Sahel ya koyi wannan darasi da tsada. Sakamakon farin farkon shekarun 1970, ƙasashen yankin suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari a 1973, suka buɗe cibiyar Agrhymet a Yamai a 1974 domin bin diddigin ruwan sama da yanayin shuka da ciyawa. Daga wannan tushe aka samu tsarin bai ɗaya da ake amfani da shi yanzu a Afirka ta Yamma, har da Najeriya, inda masana ke zama sau biyu a shekara su haɗa bayanan girbi da farashi da awon damtsen yara, su rarraba yankuna hawa biyar gwargwadon tsananin buƙata. Zaman ƙarshen 2024 ne ya yi hasashen cewa mutum fiye da miliyan 33 a Najeriya za su shiga matsin abinci tsakanin Yuni da Agustan 2025. Amfanin irin wannan hasashe shi ne yana zuwa wata shida kafin lokacin da rumbu ke ƙarewa, lokacin da sayen hatsi ke da sauƙi kuma hanyoyi ba su yanke ba. Amma a farkon 2025 tsarin gargaɗin yunwa da Amurka ta kafa tun 1985 ya tsaya na wasu watanni saboda sauyin siyasa a Washington. Wannan ya isa ya tuna wa gwamnatocinmu cewa bai kamata sanin halin cikin mutanensu ya dogara da kasafin wata ƙasa ba.

Mai suka na farko zai ce ai alƙaluma ba sa hana yunwa, ya kawo Nijar ta 2005 a matsayin hujja, kuma hujjar tana da nauyi. Nijar tana da tsarin gargaɗi, tana da masu bin farashin kasuwa, kuma tun ƙarshen 2004 an san fari da fara sun bar giɓin hatsi na kimanin tan 223,000. Duk da haka yara suka yi ta mutuwa, kuma abin mamaki, tamowa ta fi tsanani a Maraɗi da Damagaram, yankunan da ake kira rumbun ƙasa. Amma idan aka duba da kyau, abin da ya faru yana ƙarfafa maganar awo ne. An zuba ido a kan jimillar hatsin ƙasa, wadda ba ta yi mummunar faɗuwa ba, aka yi sakaci da tambayar wa ke iya saye. Farashin gero ya ninka, hatsi na bin kuɗi zuwa kasuwannin Najeriya, dabbobi sun rame har makiyayi yana sayar da akuya a kuɗin da ba zai cika masa kwano ba, talakan manomi kuma ya riga ya sayar da girbinsa tun kaka don biyan bashi. Gwamnati ta nace wa sayarwa a farashi mai rahusa, ba a koma ga rabon kyauta sosai ba sai da damina ta yi nisa. Darasin shi ne a auna abin da ya dace, farashi da ƙarfin saye da lafiyar yara tare da yawan girbi, kuma a ɗaure alƙaluman da matakin da dole a ɗauka idan sun kai wani mizani. A cikin waɗannan shekaru ne Nijar ta yi babbar ƙidayar noma da dabbobi ta 2005 zuwa 2007, wadda ta gano dabbobi sama da miliyan 31.

Mai suka na biyu zai ce kuɗin da za a kashe wajen yawo da takarda da sikeli gara a sayi taki da shi. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba ta jure lissafi. Kuɗin binciken shekara ɗan ƙaramin yanki ne idan aka kwatanta da abin da ake zubawa a rance da tallafin taki da sayen motocin noma. Idan kashi goma kacal na shirin naira tiriliyan ɗaya ya tafi inda bai dace ba saboda rashin sani, an yi asarar naira biliyan 100, kuɗin da zai ɗauki nauyin bincike na shekaru masu yawa. Ƙasashen Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003, suka sabunta a Malabo a 2014, cewa za su ware kashi goma na kasafinsu ga noma. Najeriya ba ta kai ko kusa ba, kuma wannan dalili ne na ƙara taka-tsantsan, domin mai ɗan kuɗi shi ya fi buƙatar sanin inda zai sa shi.

Suka ta uku ita ce mafi zurfi: mutanenmu ba sa faɗin gaskiya idan an zo ƙirga dukiyarsu. Wannan haka yake, kuma yana da tarihi. A zamanin Turawa da En'e, duk wanda ya zo da littafi yana tambayar yawan mutane ko shanu, haraji da jangali ne ke biye da shi. Gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke su a 1979, amma tsoron bai gushe ba. Bafulatani ba ya son ambaton yawan garkensa, a yau ma har da fargabar kada labari ya kai ga ɓarayin shanu. A ɗaya gefen kuma, inda aka ji cewa tallafi ne ke tafe, sai kowa ya ƙara wa gonarsa kadada. Maganin wannan ba barin ƙidaya ba ne. Dokar ƙididdiga ta 2007 ta riga ta haramta bayyana bayanan mutum ɗaya, abin da ya rage shi ne a sanar da jama'a haka da harshensu, a raba mai ƙidaya da mai karɓar haraji da mai rabon tallafi, a shiga ta hannun dagaci da mai unguwa da arɗo, a ɗauki mata su shiga cikin gida. Mafi muhimmanci, a mayar wa manomi da abin da aka samu. Idan ya ji a rediyo farashin masara a kasuwanni biyar, da hasashen ranar saukar ruwa a yankinsa daga hukumar yanayi, ya kuma ga dillali ya kasa yi masa wayo, zai gane cewa amsar da ya bayar ta dawo masa da riba.

Akwai kuma masu cewa zamani ya wuce yawo a gona, tauraron ɗan Adam zai ɗauki hoton kowace kadada daga sama. Gaskiya ne fasaha ta rage wahala. An tattara bayanan ƙidayar 2022 da na'urorin hannu, kuma hoton sama yana nuna inda ambaliya ta ci, kamar ta 2022, da inda aka bar gonaki suka koma daji a sassan Zamfara da Katsina da Borno da ma'aikaci ba zai iya shiga ba. Amma hoton sama yana shan wuya wajen raba gero da dawa a gonar da aka cuɗa su, ba ya ganin waken da ke ƙarƙashinsu, gajimaren damina na rufe masa ido, kuma ba zai faɗi ko mai gonar ya ci bashi ba. Sai an gwada shi da abin da aka auna a ƙasa kafin ya zama abin dogaro. Fasaha tana rage yawan gonakin da za a taka, amma ba ta kawar da buƙatar takawa.

Sharaɗi na ƙarshe, wanda idan babu shi duk sauran sun tashi a banza, shi ne mai awo ya kasance daban da wanda ake auna aikinsa. Ƙasar Sin ta ɗanɗana kuɗar saɓa wannan tsakanin 1959 da 1961, lokacin da jami'an larduna suka riƙa kumbura yawan girbi don faranta wa na sama, gwamnati ta karɓi hatsi bisa wannan ƙarya, miliyoyin manoma suka mutu da yunwa. Ba a kai nan ba a ƙasarmu, amma cutar iri ɗaya ce a duk lokacin da kwamishina ko shugaban ƙungiyar manoma ya sanar da yawan tan ɗin da shirinsa ya samar tun kafin a yanke shinkafar. Alƙaluman ƙarya sun fi rashin alƙaluma haɗari, domin wanda ya san bai sani ba yana tafiya a hankali.

Ƙidayar 2022 ta buɗe ƙofar da ta daɗe a rufe, kuma babban kuskure shi ne a ɗauke ta a matsayin aikin da aka gama. Ya wajaba Majalisar Tarayya ta sa binciken noma na kowace shekara a cikin kasafi da kuɗin gida, ta kuma tsayar da ƙidaya ta gaba a doka domin kada a sake jiran shekara 30. Gwamnonin jihohin da ke ciyar da ƙasa su farfaɗo da sassan ƙididdiga na hukumomin nomansu, su bari a fitar da sakamako a ranar da aka tsayar, ya yi musu daɗi ko bai yi ba. 'Yan jarida kuma, duk lokacin da wani jami'i ya ambaci miliyoyin tan, su tambaye shi wa ya auna, yaushe, kuma ta yaya. Kai ma manomi da makiyayi, idan mai ƙidaya ya yi sallama a ƙofarka, ka nemi shaidarsa, ka tambaye shi ina bayanin zai tafi, sannan ka gaya masa gaskiya, domin da wannan amsar ne za a yanke rabon garinku.